Mutum Uku Tsakanina da Surukina

Tun da na dawo daga Dakar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a Zango ba. Da na zauna kan benci sai wani ya matso. Wai da gaske teku ba ta da gaci? Wai me ya sa Habu ya dawo da tumbi, ni kuwa na dawo kamar an shanya ni? Na gaji da ba da labari guntu-guntu kowa yana ƙara masa gishiri a hanya, har jiya na ji ana cewa wai kifi ne ya cije ni a ƙafa. To, ga shi na zauna na rubuta yadda aka yi. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takardar in ci gaba da shan shayina.

Mu uku aka tura daga asibitin Damagaram, a shekarar da ake ta shirin miƙa mana ƙasa. Lokotoron Nasara da ke riƙe da ɗakin awon jini zai koma garinsu, ana so 'yan ƙasa su je estaj, wato horon aiki, a makarantar likitoci su dawo da takarda. Akwai ni. Akwai Habu, mutumin Damagaram Takaya, anfirme, wato ma'aikacin jinya, mai sauƙin hannu wajen allura, mai nauyin hannu wajen tuwo. Na ukunmu, wanda shi za a ba mabuɗin ɗakin in mun dawo lafiya, mahaifin matata ne. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san dalili. Baba nake ce masa.

Baba Babarbare ne na cikin Birni, dogo, mara son wasa, tun kafin a haife ni yake aikin asibiti. Shi ya koya mini leƙa madubin awo, a lokacin yana ja mini kunne yadda ya ga dama. Ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarsa Falmata komai ya sake. Bai ƙara duban tsabar idona ba, ni ma ban ƙara shan ko ruwa a gabansa ba. Da safe in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. A ɗakin aiki tebur ɗaya ne tsakaninmu, amma in yana son kwalba sai ya gaya wa Habu, Habu ya juyo ya gaya mini, ni in miƙa wa Habu.

Da safen tafiya Falmata ta kira ni ɗaki. Cikinta na fari bai daɗe da fitowa ba. Ta damƙa mini wata jakar fata cike da dabinon Bilma, ta gaya mini abin da 'yan gida kaɗai suka sani.

"Baba in ya daɗe bai ci ba jiri ke ɗibarsa," in ji ta. "Zufa ta karyo masa, ƙafa ta kama rawa, sai ƙasa. Dabino ɗaya ya isa ya dawo da shi. In ya faɗi gaban Nasara za su ce ya tsufa, su maido shi gida, mabuɗin da ya jira duk rayuwarsa a ba wani. Na ba ka amanarsa."

Na tambaye ta yadda zan ciyar da mutumin da ba ya cin abinci a gabana, ni ma ba na ci a gabansa. Ta ce ai dalilin da ya sa ta auri ɗan lakwal, mai ilimin boko, ke nan.

Kafin mu kai tasha na tsara wa kaina doka: duk inda za a zauna ko a tsaya, mutum uku za su shiga tsakanina da Baba. Da mutum uku ina hango goshinsa in ga ko zufa ta fito, kuma ba wanda zai ce yaron nan ba shi da kunya. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har na riƙa yaba wa kaina a zuci.

Kamiyo muka shiga mai ɗaukar gyaɗa zuwa Kano. Baba na gaba kusa da direba, mu muna bisa buhuna. A Takieta aka tsaya, na sayi fura mai kyau na ba Habu ya kai masa. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ce a kai wa yaron, shi ne ke cikin rana. Habu ya tsaya tsakanin ƙofar mota da inda nake, ya dubi ƙwarya, ya ga in ya kawo mini zan mayar, in ya mayar za a sake aiko shi, sai ya taimake mu ya shanye. Tun daga nan ya gane irin arzikin da Allah ya nufe shi da shi a wannan tafiya.

A iyaka, bayan Matameye, gardin wajenmu ya ga tambarin asibiti ya sara mana. Na wajen Ingilishi kuwa wani ne mai gajeren wando da jar dara, Hausarsa irin tamu ce sai dai yana yayyafa mata wasu kalmomi da ba mu sani ba. Ya ce sai ya duba abin da ke cikin jakar fata. Ya zura hannu ya duba da baki, ya ce bai tabbatar ba, ya sake dubawa, sannan ya dubo wa abokin aikinsa. Muna wucewa sai na ga direba ya koma hannun hagu ya miƙe hanya abinsa. Na yi ta bugun rufin mota ina cewa barci ya ɗauke shi, har wata tsohuwa mai kai garin kuka Kano ta ja rigata ta ce in zauna, haka ake tuƙi a nan. Ban yarda da ita ba sai da na ga wata mota ta zo ta wuce ta damarmu, ba wanda ya mutu.

A Kano muka sauka Fagge gidan wani fatoma, dangin Baba ta wajen uwa. Nan ban sha wahala ba, domin gidan Hausa ne, an san abin da ya kamata: aka kai wa Baba akushinsa zaure, aka kai mana namu soron baya. Wahala ta fara a jirgin ƙasa. Na ƙirga mutum uku na zauna, mutanen kuwa su ne Habu, da wani mai sayar da agogo, da wata Bayarabiya mai kwandon kaji. Duk tashar da aka tsaya mata na miƙo abinci ta taga, tun ana miƙo ƙosai da dafaffen ƙwai har aka koma doya da wata jar miya da ta sa Habu hawaye bai fasa lasar yatsa ba. In na ga lokacin cin Baba ya yi sai in tashi in je mahaɗin taragu in tsaya ina shan hayaƙi. Bayarabiyar ta ɗauka ciwon ciki ke damuna, ta ba ni wata saiwa mai ɗaci ta tsare ni sai da na tauna.

Ikko, inda jirgin ƙasa ya ajiye mu a bakin teku, ba zan ce muku komai a kanta ba, ruwan sama na gani da laima. Jirgin ruwa kuwa, ku da kuke tambaya ko teku tana da gaci, ni ban ɗaga kai na duba ba. Tun da aka saki igiya na kife a kan tabarma ina amai ina tuba. Abin haushi, nan ne kawai Baba ya ci ya ƙoshi, tun da surukin da yake jin nauyi yana kwance fuska a ƙasa. Habu ya ce har ƙari ya nema. Shi kuma Habu a nan ya gano inda nake ɓoye jakar fata. Ranar da na iya zama na same ta ta yi shafal, na kwashe ɗan abin da ya rage na cusa cikin naɗin hulata, na bar masa jakar ya yi ta shinshina.

A Dakar aka sauke mu gidan wata mata, Madam Fatu, mai saukar da 'yan makaranta. Ƙatuwa ce, ɗaurin kallabinta ya kusa taɓa ƙofa, asawaki ba ya barin bakinta. Mutanen can suna da wata gaisuwa: sai su kama sunan gidanku su yi ta maimaitawa, kai ma kana maimaita nasu, wanda ya fi jimiri shi ya fi ladabi. Ta tambayi nawa na faɗa. Ta nuna Baba ta ce in gaya mata nasa. Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya da Faransanci a hankali, yadda ake yi wa kurma. Da Habu ya faɗa mata, sai ta kama sunan nan ta yi ta rangaɗa shi a tsakar gida, maƙwabta suka fito su ma suka kama. Ni dai na tsaya ina duban takalmina, kunnuwana suna zafi.

Sai aka zo cin abinci. A can babu akushin maigida, babu na baƙo. Faranti ɗaya ne mai faɗi, shinkafa ja da kifi da kabeji, kowa ya zauna ya kewaye shi, maza da mata, uba da ɗa, suruki da suruki, uwar gida tana gutsuro kifi tana jefa wa kowa gabansa. Habu ya roƙa a zuba wa dattijo nasa daban. Madam Fatu ta cire asawaki ta ce a gidanta mai kuturta kaɗai ake ware wa kwano, in mun raina girkinta mu faɗa. Muka zauna. Baba ya ce ya ƙoshi tun a jirgi. Ni na ce teku ba ta sake ni ba tukuna. Habu ya yi bisimilla.

Na sake yin dabara. Da na ji ƙamshin shinkafa sai in ce ina da karatu, in fita ta ƙofar gaba in je bakin kasuwa in sayi burodi da wake in ci a tsaye. In na dawo in ga faranti fes, in tambayi Habu ko Baba ya ci, ya ce, "An ci, alhamdu lillahi." Hankalina ya kwanta. Ban lura cewa bai taɓa faɗin wanda ya ci ba.

A makaranta kuwa tun ranar farko aka tara mu, mu 'yan estaj daga ƙasashe dabam-dabam, aka ce ɗakin awo ba wurin marasa lafiya ba ne, wanda jikinsa ya gaza zai bi jirgin da ya fara tashi. Ba wasa suke ba. Wani dattijo daga Wagadugu ya yanke jiki ya faɗi wajen awon fitsari, ba a yi mako ba muka raka shi bakin ruwa da akwatinsa. Na ga yadda Baba ya bi shi da kallo. Aka kuma ce dole kowa ya sa farar riga mai ɗamara da takalmi sau-ciki da safa. Baba ya tsani safa, yana cewa ƙafa ba jariri ba ce da za a naɗe ta.

Cikin malamanmu akwai wani Nasara siriri mai ɗan gemu, ba ya shigowa aji sai da igiya a kafaɗa, muka sa masa Mai Igiya. Shi ke koya mana abin da jiki ya ƙunsa. Ya ce nama da gashi da jan nan na cikin jini duk da abu ɗaya aka gina su, furotin. Furotin kuma ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira asid amine, iri wajen ashirin, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, kowace a ɗaure tam da ta gabanta da ta bayanta. Ya ce ba da daɗewa ba masana suka gano cewa jerin ba ya zama a miƙe, sau da yawa murɗewa yake yana hawa, yadda ake naɗa igiya a jikin sanda. Ya yarda cewa wannan ba zai taimake mu gano zazzaɓi a Damagaram ba, amma mai awon jini ya kamata ya san abin da yake awo. Ya ce mu kwana da tambaya: me ke riƙe naɗin kada ya warware, wace ƙwaya ke kama wace?

Washegari ina fita Madam Fatu ta tare ni a ƙofa, ta riƙe mini hannun riga. Ta ce ita ta gaji da mu. Ta ce duk ranar Allah in na fita ta ƙofar gaba, tsohona yana fita ta ƙofar baya don ya bar mini wuri in ci, ya je gindin bishiya ya zauna da carbi. Dattijo irinsa ba zai tsaya a titi yana cin burodi ba, ruwan ganye da goro kawai yake sha yana taunawa. Mai tumbin nan shi ke cinye rabon mutum uku. Jiya ma ko ruwan ganyen Baba bai sha ba.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, har a teku. Na tuna fuskar Falmata da dattijon Wagadugu da akwatinsa. Habu kuwa da na same shi a lokacin da sai an raba mu. Na ruga makaranta, na tarar an riga an shiga aji. Na ƙirga uku na zauna. Goshin Baba yana ƙyalli, ga shi safiya ce, iskar teku na shigowa ta taga. Dabino na cikin hulata, amma ba hanyar miƙa shi: in na ba Habu na san inda zai tafi, in na tashi na kai da kaina aji duka zai juyo.

Mai Igiya ya shigo ya tambayi amsarmu. Kowa ya ce ai ƙwaya maƙwabciyarta za ta kama, wadda ke kusa da ita, wa kuma? Ya yi dariya ya ce mu fito waje mu yi layi. Bayan ɗakin karatu akwai wata matattakalar ƙarfe siririya mai murɗewa, da ake hawa saman rufi da ita, tsakanin takunta duk a buɗe kana ganin na sama. Baba, da yake shi ne babba, aka ba shi gaba. Ni na bi dokata, na bar mutum uku na shiga, na zama na biyar. Habu ya ga idona, ya ja baya can ya ɓuya.

Mai Igiya ya zura igiyarsa cikin ɗamarar kowa, tun daga Baba har na ƙarshe, ya ce wannan shi ne ɗaurin nan mai ƙarfi. Ya sa muka hau, yana tsayar da kowa inda yake so, yadda kewaye ɗaya zai ci mutum uku da rabi da 'yar ɗoriya. Ya ce kowa ya miƙa hannu ɗaya waje ta saman ƙarfen dafawa. Sannan ya ce mu dubi maƙwabtanmu na igiya. Na duba. Na huɗu ya ba ni kafaɗa yana fuskantar wani gefe, na shida ma haka, ko da na so kama su da sauran hannuna ba ta yadda zai yi daɗi.

"Yanzu kowa ya ɗaga ɗaya hannun sama," in ji shi, "ya kama ƙafar wanda ya tarar bisa kansa."

Na ɗaga kai. Takalmin da ke bisa kaina na san shi, ni na ga lokacin da aka saye shi a kantin Kano. Duk dabarar da na yi tun daga Damagaram, ita ce ta kawo ni daidai ƙarƙashin surukina. Mai Igiya na ƙasa yana murna yana cewa ga shi nan, na ɗaya da na biyar, na biyu da na shida, na uku da na bakwai, kullum uku ne a tsakani. Ya hango hannuna a tsaye cikin iska ya ce na biyar me yake jira. Na ce a'uzu billahi a zuci, na rufe ido, na kama idon sawun Baba. A daidai lokacin na ji wani hannu mai maiƙo ya kama nawa daga ƙasa. Habu ne, ɓuyarsa ta sa ya zama na tara.

Mai Igiya ya shiga bayani, shi kuwa in ya fara ba ya gajiya. Ya ce wannan riƙo na hannu da ƙafa ba shi da ƙarfi, wani ɗan ƙaramin sinadari, haidirojin, ne ke yin sa tsakanin ƙwaya da ƙwaya, guda ɗaya ko iska ta raba shi, amma da yake kowa na riƙe da wani, naɗin duka ya tsaya. Ya ce hannuwanmu na waje su ne rassan ƙwayoyin, su ke bambanta wata da wata. Ya zagaya ya nuna yadda hannun na ɗaya da na huɗu da na biyar da na takwas suka fito ta gefe guda, ya ce shi ya sa sau da yawa masu gudun ruwa ke taruwa a fuska ɗaya, masu son ruwa a ɗaya fuskar. Na ji wannan duka da rabin kunne, domin ƙafar da ke hannuna ta fara rawa.

Da fari kaɗan-kaɗan, daga nan safar ta jiƙe. Na ƙara damƙewa. Na ji nauyinsa ya tafi hagu, ya dawo dama, ƙarfen dafawa ya yi ƙara. Igiyar da ke ɗamarar na biyu ta ja, ya waiga. Mai Igiya ya yi shiru tsakiyar magana ya ɗaga kai sama, ni kuwa na ce shi ke nan, na ci amanar Falmata.

Sai na ji ya tafa hannu. Ya ce kowa ya dubi na ɗaya. Ya ce abin da yake shirin faɗa ke nan dattijon ya riga shi: huɗun da ke can sama ba su da kowa bisa kansu da za su kama, hannunsu a banza yake, don haka bakin naɗi kullum shi ke rawa, shi ke fara sakewa. Ya ce shekara da shekaru yana sa ɗalibai a matattakalar nan ba wanda ya taɓa nuna wannan da kansa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ci gaba, mushe," wato malam da Faransanci, "saki jikinka sosai!"

Baba ya saki jiki, don dama ba shi da zaɓi. Ya sulale ya zauna a kan taki, ni ina tallafe da ƙafar da duk ƙarfina. Yayin da aji ke kallon Mai Igiya yana zana abin a ƙasa da tsinke, na janye hannuna na waje, na laluba cikin hula, na zaro dabino biyu na tura su cikin safar nan da ya tsana. Ban san ko zai karɓa ba. Mutum ne da zai iya zaɓar faɗuwa a kan ya ci abu daga hannun mijin 'yarsa.

Can na ji ya sunkuyo kamar mai sosa ƙafa. Na ji yatsunsa sun taɓa nawa, sun ɗauka. Sannan, a karo na farko tun ranar ɗaurin aurena, na ji surukina yana tauna. Na kafa ido a kan ƙarfe, kunya da daɗi suka haɗu suka cika mini ciki har na rasa wanda ya fi. Da rawar ta ragu sai na fara sassauta hannu, ai an gama. Muryarsa ta sauko ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba, da matattakala yake.

"Wanda ke riƙe da ƙafar nan, kada ya saki tukuna."

Ban saki ba har aka ce a sauka. Ƙwallon dabinon kuwa ya bi ta tsakanin taki ya wuce ni ya faɗa kan Habu. Ya ɗauka ya duba, ya ɗago kai ya ce mini a hankali, "Ashe da saura."

Da azahar ran nan na tashi zan fita ta ƙofar gaba, sai Baba ya ce wa Habu ya gaya wa yaron ya zauna. Ya zauna gefen faranti ya juya fuska gabas, ni na zauna ɗaya gefen na juya yamma, kowa ya miƙa hannu baya-baya yana ɗiba. Madam Fatu ta ce ta sauki mutane iri-iri amma ba ta taɓa ganin masu cin abinci kamar an yi faɗa ba, ta riƙa jefa mana kifi tana dariya. Habu aka ja masa layi a cikin shinkafa da cokali. Haka muka yi har estaj ya ƙare. Ranar jarrabawa Mai Igiya ya tambayi Baba wace ƙwaya ke kama ta ɗaya, ya ce ta biyar, ba ko tunani. Duk mu uku muka samu takarda.

Komowa ba labari, teku ta karɓi abin da na ci a Dakar har da riba. Ina tsammanin abin da ya faru ya sauya mu, amma muna isa Kano aka kai masa akushi zaure, a Takieta ya aiko Habu da fura, a Damagaram na durƙusa na gaishe shi ya amsa wa bango. Aka ba shi mabuɗin ɗakin awo ya rataya a wuya. Falmata ta tambaye ni ko ya faɗi, na ce bai faɗi ba, zama ya yi, kuma an yaba masa. Har yau ba ta gane ba. Uwarta ma ta aiko tana tambaya me ya sa tsohon ya koma sa safa, kuma in an zo wanki sai a tarar da dabino a ciki.

Ba mu daɗe da dawowa ba Falmata ta sauka, namiji. Aka sa masa sunan kakansa, ga shi yanzu ina da mutum biyu a duniya da ba na iya kiran sunansu. Ranar suna da hantsi, bayan an watse, aka fito da jaririn zaure aka miƙa wa Baba. Ni ina can gefe, na ƙirga uku na zauna. Ya buɗe zanen, ya kama ɗan idon sawun yaron da yatsa biyu ya riƙe. Sannan ya yi magana da jaririn, da ƙarfin da zan ji.

"Kai abokina, ka gaya wa ubanka ƙafata ba ta manta ba. Ka ce masa yau a gidana zai ci tuwo. Ni gabas, shi yamma. Kada ya zo da Habu."

Na je. Tuwon gero ne da miyar kuka, akushi ɗaya. Ban ga fuskarsa ba, shi ma bai ga tawa ba, amma duk lokacin da na miƙa hannu baya sai in tarar an turo naman gefena.